Taku Goma Sha Ɗaya a Bayan Garma

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, don in ban kama sunansa ba hannuna ba zai yarda ya rubuta ba. Buba, Sale, da ku nake, ku da 'ya'yanku. Na ba ku labarin yadda kakana ya gaji da yawo da shanu ya kafa bukka a gefen Durba, na ba ku na aurena da mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, duk waɗannan da daɗin faɗa. Wannan babu daɗi. Shekarar da tipa ta buge ni ce, kuma abin da kuka sani a kanta rabinsa ƙarya ne, ni na yi muku ita. Kun shekara bakwai kuna cewa yayarku ce ta sa muka faɗi a kotu, ita ta sa na ƙare a kan tabarma. Ba ita ba ce. Ina so in sauke mata wannan kaya kafin in tarar da ita inda ta tafi.

Za ku ga ina ta cewa yayarku, ba na kama suna. Ku kun san dalili, amma jikoki ba lalle su sani ba. 'Yar fari ce, mu kuwa ba ma faɗin sunan ɗan fari, ba ma yi masa wasa a gaban mutane, ba ma tare masa faɗa. Tun tana rarrafe "ke" nake ce mata. Ita kuma kamar da gayya, ni ta liƙe wa. Ina zuwa wajen shanu tana biye, ina ɗaura wa bijimai karkiya tana riƙe da igiya. Kafin a haife ka, Buba, ta iya ɗaura karkiya fiye da yadda ka iya yanzu da gemunka. Ta girma ta auri Malam Isa, mai koyar da karatun allo a Nariya, mutum mai sanyin magana.

Bayan kaka ne abin ya faru. Na shiga motar haya a Kibiya zan je Rano sayen kanwa da maganin shanu. Wata tipar kamfanin masu aikin hanya, cike da tsakuwa, ta baro hannunta ta zo namu. Ban ji ƙara ba, ban ji zafi ba. Na buɗe ido a asibiti a Kano, yayarku zaune a ƙasa kusa da gadon, aka ce mini direbanmu bai kai asibiti ba. Ƙuguna ya farfashe, ƙashin bayana ya taɓu. Muka sayar da shanu huɗu aka yi abin da aka yi na farko. Likita ya ce saura babban aiki, a buɗe a sa ƙarfe, kuma a yi shi kafin ƙashin ya kama a karkace. In an yi zan taka, in ba a yi ba sai dai zama. Da ya faɗi abin da aikin zai ci, Sale ya fita waje bai dawo ba sai da ya wanke fuska. Kamfanin tipa suka ce mu je wurin masu inshorarsu, masu inshora suka ce mu dawo gobe, goben ta ƙi zuwa. Aka dawo da ni gida a kwance, Malam Isa ya bar yayarku ta zo jinya.

Kai Sale, da kake zaman shago a Kano, kai ka samo mana lauya. Wata 'yar siririyar mace ce mai tabarau, Barista muke ce mata. Da na gan ta na ce a raina wannan ko ɗan maraƙi ba za ta iya riƙewa ba, balle kamfani. Ashe na yi kuskure. Ta zo har Durba, ta zauna a kan tabarma, ta karanta takardun asibiti ɗaya bayan ɗaya, ta ce shari'ar tamu mai ƙarfi ce. Tana shirin tashi sai ta ga waya a hannun yayarku, babbar nan mai hoto da ka saya mata don ku riƙa jin labarina. Sai ta koma ta zauna.

"Baffa, daga yau har a gama shari'a, kada hotonka ya shiga waya. Ba na zaune ba, ba na kwance ba. Kada kowa ya rubuta komai a kan jikinka ko a kan shari'ar, ko da a zauren dangi ne. Wanda ba ku sani ba in ya nemi abota a shafinku, kada ku karɓa. Abin da ya riga ya shiga waya kuma kada a goge, ku nuna mini."

Na yi dariya har ƙuguna ya amsa. Na ce wa zai bar aikinsa a birni ya zauna yana leƙen tsohon Bafulatani a Durba?

"Akwai wanda albashinsa ke nan," in ji ta.

Na ce to. Irin to ɗin nan tawa da kuka sani, wadda mahaifiyarku ke cewa in na faɗe ta ta san ban ji ba.

Zauren dangin da take nufi shi ne wanda samarinmu suka buɗe a waya, inda na Durba da na Zinyau da waɗanda ke kudu da shanu suke gaisawa, a sanar da haihuwa da rasuwa. Kullum da hantsi yayarku kan kunna mini muryoyin masu yi mini sannu. Da farko ina jin daɗi. Da rani ya yi nisa sai sannun ta fara canza launi. Aka daina cewa Allah ya tashi kafaɗa, aka koma Allah ya sa kaffara ne, Allah ya ba da haƙurin zama. Wata gwaggonku ma kuka ta fashe da shi kamar an riga an binne ni. Ni da nake kayar da bijimi ni kaɗai, na zama abin tausayin mata. Ba zafin ƙugu ne ya fi cina ba a watannin nan, wannan ne.

Kun san al'adar gidanmu. Tun ranar da kakana ya yarda ya zama manomi, in ruwan shuka ya sauka, mai gida ne ke kama garma ya ja huɗar farko a gandu da bisimilla, sannan kowa ya shiga. Ba a rubuta ta a ko'ina ba, ba kuma addini ba ce. Amma shekarar da mahaifina ya kasa kamawa ni na kama, kuma daga ranar mutane suka fara kawo mini gaisuwa da ƙara, shi kuma aka bar shi da jikoki. Na ga yadda ya zama bayan nan. To ruwa ya sauka ranar wata Laraba, Alhamis da safe sai ga muryar ƙanena Hamidu a zauren, daga Zinyau. Ya ce kada Yaya ya damu, ranar Asabar zai zo ya kama garma a madadinsa. Wallahi babu mugunta a maganarsa, yanzu na sani. A ranar kuwa ji na yi kamar ya zare mini hula a kasuwa.

Juma'a, gari ya waye, rana ba ta gama fitowa ba. Buba kana kudu da shanu, Sale kana Kano, babu kowa sai ni da yayarku. Na haɗiye ƙwayar kashe zafi biyu maimakon ɗaya, na ce ta fito da bijimaina Fari da Guntu ta ɗaura musu garma a gandun bayan danga, ta zo da wayar. Ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallon ƙasa.

"Baffa, Barista ta hana."

"Barista ce ta haife ki?"

Ta ajiye tsintsiyar. Ta ɗaura bijiman, ta dawo ta cicciɓe ni ta sa a baro, irin wanda muke kwasar taki, ta tura ni har bakin gonar. Ta tayar da ni ta ɗora hannayena a kan mariƙin garma, ta gyara mini rawani don na ce ta gyara. Na ce ta matsa gefe, kada baron ya fito a hoto. Bijiman sun san muryata. Na yi bisimilla, na yi musu tsawa, suka ja. Ƙasa ta tsage, ƙamshinta ya bugi hancina, na ji kamar ban taɓa kwanciya ba. Ina ƙirgawa a raina. Taku goma sha ɗaya na yi, nauyina duk a kan garma, haƙorana a cije, fuskata kuwa a sake don na san ana ɗauka.

A na goma sha biyu ƙugun ya ce bai san zancen ba. Na faɗi, hannuna ɗaya ya maƙale, bijiman suka ja ni a cikin laka kafin su tsaya. Na yi ihu. Ni, Jibo, da gemuna fari, na kira sunan mahaifiyata da ta shekara talatin a kabari. Kuma zan rubuta sauran tunda na yi niyya: fitsari ya kuɓuce mini, ya jiƙa wando da riga. Yayarku ta yar da wayar ta sheƙo. Yadda ta mayar da ni cikin baro, ita da Allah suka sani. Da ta wanke ni ta kwantar, numfashina ya dawo, ban ce mata sannu ba. Abin da na ce shi ne ta yanke bidiyon daidai inda nake tsaye, ta tura zauren dangi, sauran kuma ta goge, kada ido ya gani har abada. Ta ce Baffa don Allah. Na ce in ba ta tura ba ta tattara kayanta ta koma Nariya, ba na bukatar jinyarta. Ta tura.

Kafin azahar zauren ya cika. Masu kabbara, masu kirari, gwaggon nan mai kuka ta koma guɗa. Hamidu ya ce Masha Allah, Yaya ya riga shi. Ina kwance ko juyi ba na iyawa, zafi kamar ana hura wuta a ƙashina, amma ina cewa ta sake kunna mini. Ban san wani ɗan Hamidu ya ɗauki bidiyon ya sa a shafinsa da kowa ke gani ba, da sunana da sunan garinmu, ya rubuta cewa baffansa ya warke sarai. Daga nan wasu suka ɗauka, daga su wasu. Asabar Hamidu ya zo ya tarar da ni a kwance, na ce gajiyar jiya ce. Ya tashi ya je ya huɗe gandun gaba ɗaya.

Damina ta yi tsakiya aka kira mu kotu. Kuna nan ku biyu, Hamidu na nan, Malam Isa ma ya zo. Aka turo ni a kujera mai taya. Barista ta tambaye ni, na faɗi gaskiya, cewa ba na iya taku uku sai an riƙe ni. Sai lauyan kamfani ya miƙe, mutum mai fara'a, ya gaishe ni da ladabi har da Baba. Ya sa na maimaita maganar taku uku. Sannan ya nemi izinin alƙali, aka kunna wani babban allon talabijin. Sai ga ni da rawanina, ga Fari da Guntu, ga muryata tana bisimilla. Ya ƙirga takun da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, har goma sha ɗaya. Ya tambaye ni ko ni ne. Na ce ni ne. Ya tambaya ko akwai wanda ke riƙe da ni a ciki. Na ce babu. Ya ce ya gode, ya zauna. Alƙali ya dube ni ta saman tabarau irin kallon da ake yi wa ɓarawon akuya.

Barista ta roƙi a ɗan ɗaga zaman, ta tura ni wani lungu a baranda, ta kira yayarku. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta durƙusa daidai fuskata.

"Baffa, bidiyon nan a tsakiyar taku ya yanke. Na ga takardunka, na san ƙugun nan ba zai kai ka ƙarshen layi ba. In akwai sauransa, in ya nuna abin da nake zato, shi ne zai cece mu yau. Akwai?"

Yayarku ta ɗago ta dube ni, abin da ba ta saba yi ba. Ni kuwa ina hango allon nan, ina hango kaina a cikin laka ina kiran uwata, da jiƙaƙƙen wando, a gaban ƙanena, a gaban 'ya'yana, a gaban surukina. Na san abin da ke kan sikeli. Kada wani ya ce muku ruɗewa na yi, da hankalina na auna.

"Babu," na ce.

Barista ta juya wurinta. Ta sunkuyar da kai ta ce yadda Baffa ya faɗa haka ne.

A wannan barandar kuka same mu. Buba, idonka ya yi ja, ka tambaya wa ya ɗauki wannan abu bayan an hana. Da na yi shiru ma da sauƙi. Sai na ce ni dai na ji ƙarfi ranar na gwada, ban san tana ɗauka ba. Kalmomin da na faɗa ke nan, ban manta ko ɗaya ba. Ka juya kanta a gaban mijinta, ka ce son a sani da wasan waya sun sa ta kashe ubanta da ransa. Ta tsaya ta shanye, ba ta tona ni ba. Na gaya wa kaina ai 'yar fari ce, ba a tare wa ɗan fari faɗa. Ƙarya nake yi, al'ada ba ta ce a yi wa ɗan fari sharri ba. Tsoro ne kawai.

Sauran kun sani. Likitan kamfani ya ce mai huɗa ba ya bukatar babban aiki. Barista ta yi iya yinta, amma maganata ta riga ta zube a gaban alƙali. Daga ƙarshe suka miƙo ɗan abin da suka miƙo, ta ce mu karɓa kada mu tashi a tutar babu. Bai kai ko bakin ƙofar ɗakin tiyata ba. Kafin mu yi wata dabara ƙashin ya kama a karkace, faɗuwar gona ma ta ƙara masa. Shekara ta zagayo Hamidu ya kama garma, kamar yadda da ma zai kama. Abin da na hana a gani na kwana ɗaya, shi kowa ke gani kullum har yau, ana ɗaga ni ana ajiyewa.

Ku kuma kuka ɗauke mata wuta. Ta gaishe ku da Salla ku amsa a ciki. Ta haihu, matanku suka je suna, ku ba ku je ba. Aka cire ta daga zauren dangi, har yara suka riƙa ce mata mai bidiyo. Duk da haka kowace Juma'a sai ta zo daga Nariya, ta wanke mini kaya, ta gasa mini ƙugu da ruwan zafi. In ta shigo Buba ya fita. Ina kallo. Sau ɗaya na yi yunƙuri, muna mu biyu, na ce ke, maganar nan ta gona. Ba ta bari na kai ba.

"Baffa, ruwan zai huce. Juyo."

Na juya, kuma na ji daɗi da ta katse ni. Wannan ma ku rubuta a cikin laifina.

Bara, da kaka, zazzaɓi ya kama ta, kwana shida ta cika. Ba a iya kai ni Nariya ba sai bayan an dawo daga maƙabarta. Bayan sadakar arba'in Malam Isa ya zo shi kaɗai, ya zauna nesa da tabarmata kamar yadda ya saba, ya ciro wani abu a naɗe cikin ɗankwali ya ajiye a gabana. Tsohuwar wayar ce, fuskarta a tsage.

"Ta ce in ba ka hannu da hannu. Ta ce ba ta goge ba, don Barista ta ce kada a goge komai. Ba ta kuma nuna wa kowa ba, don kai ka hana. Ni ma ban gani ba."

Na kwana uku ban taɓa ta ba. A na huɗu na aika aka yi mata caji, na sa aka nuna mini inda ake dannawa, na kori kowa. Na ga taku goma sha ɗayan da duniya ta gani. Na ga na goma sha biyu. Daga nan wayar ta faɗi, ba a ganin komai sai sama da reshen ɗorawa, amma ana ji. Na ji ihuna, ya fi yadda nake tunawa muni. Sai na ji abin da ban ji ba a ranar, don zafi ya toshe mini kunne. Muryarta ce, tana haki, tana kuka, ana jin tana yafa mini mayafinta.

"Sannu Baffa. Babu wanda ya gani. Na rufe ka, babu wanda ya gani."

Ta yi ta maimaitawa har bidiyon ya ƙare.

Wayar tana cikin akwatina na ƙarfe, ƙarƙashin rawanin da na sa a ranar. Ba sai na mutu ba. Juma'a mai zuwa ku zo ku biyu, ku kira Hamidu, ku kira Malam Isa da 'ya'yanta, ku zauna a nan gabana ku kunna bidiyon, da murya, kada a yanke ko'ina. Shari'a ta wuce, babu sauran wanda zai cutu sai ni. In kun gama ku tura shi zauren da kuka cire ta, ku ce ni na sa, kamar yadda ni na sa a tura na farko. Ba na neman ku yafe mini a ranar. Ku dai je Nariya ku tsaya a kan kabarinta ku yi mata addu'a irin wadda ake yi wa wanda aka zalunta.

Shekara arba'in da ɗoriya tana amsa "ke" daga bakina. Na ɗauka akwai lokaci. Sunanta Hadiza.